Kwanan Gefen Titi da Doka a Biranen Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa ganin hotunan tantuna jere a gefen titunan Los Angeles ko San Francisco ya yi mamakin yadda ƙasa mai arzikin Amurka ke da mutanen da ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu. Abin da hotunan ba sa nunawa shi ne tarin dokokin da ke bin waɗannan mutane daga wannan kwana zuwa waccan. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kai.

Da gaske ne a Amurka ana kama mutum don kawai ba shi da gida?

A rubuce, a'a. Babu birnin da ya rubuta cewa rashin gida laifi ne, kuma ko ya rubuta kotu za ta yi watsi da shi. Abin da ake haramtawa shi ne zama ko kwanciya a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, barci a wurin shaƙatawa, kafa tanti, kwana cikin mota, ajiye kaya a fili, fitsari a bainar jama'a. Kowanne cikinsu abu ne da mai gida yake yi a ɗakinsa ba wanda ya sani. Wanda ba shi da ɗaki kuwa dole ya yi shi a waje, sai ya zamana kafin gari ya waye ya karya doka uku ko huɗu alhali bai cuci kowa ba. Wannan ne masu kare haƙƙin marasa matsuguni ke nufi in suka ce an mayar da rashin gida laifi.

Wa yake kafa waɗannan dokoki, kuma me suka ƙunsa?

Galibi majalisun birane ne, wato kansiloli da magajin gari, ba majalisar tarayya ba. Shi ya sa abin da ya halatta a wannan gari kan zama haramun in ka tsallaka zuwa na kusa da shi.

Seattle na cikin na farko. A 1993 ta hana zama ko kwanciya a gefen titi a unguwannin kasuwanci daga ƙarfe 7 na safe zuwa 9 na dare, kuma a 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce dokar ta zauna. San Francisco ta bi sahu a Nuwamban 2010 ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, daga 7 na safe zuwa 11 na dare, a duk faɗin birnin; Gavin Newsom ne magajin gari a lokacin, kuma shi ya tsaya wa dokar. Honolulu ta kafa tata a 2014, ta fara da Waikiki, unguwar da 'yan yawon buɗe ido ke sauka, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna maka idon wa ake karewa. Los Angeles tana da sanannen sashe na 41.18 na dokokinta, wanda aka sake wa fasali a 2021, sannan a 2022 aka ƙara masa hana zama ko kwana ko ajiye kaya a tazarar ƙafa 500 daga kowace makaranta da gidan rainon yara. A birni mai makarantu birjik, in ka zana da'irar mita 150 kewaye da kowacce, filin da ya rage ba shi da yawa.

Mutum nawa ake magana a kansu, kuma me ya kai su titi?

Ma'aikatar gidaje ta tarayya kan sa a yi ƙidaya a dare guda cikin watan Janairu. Ta 2024 ta samu mutum 771,480, ƙarin kashi 18 cikin 100 a kan ta 2023. Sama da kashi ɗaya cikin uku na kwana ne a waje ko cikin mota ko kango, sauran na masaukan wucin gadi. Kalifoniya kaɗai na da kimanin 187,000. Baƙaƙen fata, waɗanda ba su kai kashi 15 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na marasa matsugunin. Ƙidayar dare guda ba ta ganin wanda ya ɓuya, don haka adadin gaskiya ya fi haka.

Ana yawan cewa shaye-shaye ne da taɓin hankali, kuma ba shakka akwai su da yawa a cikin masu kwanan titi. Amma jihar West Virginia ta fi kowace jiha yawan mace-macen ƙwaya in aka auna da yawan jama'a, duk da haka masu kwana a waje ba su da yawa a can, domin haya na da sauƙi. Inda haya ta yi tashin gwauron zabi, nan ake samun tantuna. Wani babban bincike da Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ta fitar a 2023 ya gano cewa tara cikin goma na marasa matsugunin jihar a cikin jihar suka rasa gidajensu, ba baƙi ba ne da suka biyo ɗumin rana kamar yadda ake yayatawa. Matsakaicin abin da ke shigo wa gidajensu kafin su rasa muhalli dala 960 ne a wata, a jihar da wannan kuɗi ba ya kama ɗaki ɗaya a manyan biranenta.

Ana ta ambaton Grants Pass. Me ya faru a can?

Ƙaramin gari ne a kudancin jihar Oregon, mai mutum kusan 38,000, kuma kimanin 600 daga cikinsu ba su da matsuguni. Dokar garin ta hana kafa sansani a duk filin hukuma, sai dai ma'anar da ta ba sansani ita ce abin lura: duk inda mutum ya shimfiɗa abin kwanciya don ya zauna na ɗan lokaci. Ba sai da tanti ba. Bargo ya isa, a garin da sanyi ke kai wa ruwa ya daskare.

Hukuncin hawa-hawa ne. Da farko tarar dala 295, wadda ke komawa dala 537.60 in ba a biya ba. In aka rubuta wa mutum sau biyu, ana iya hana shi shiga wuraren shaƙatawar garin na kwana 30. In ya koma, abin ya zama laifin kutse, mai ɗaurin da ya kai kwana 30 da tarar dala 1,250. A wani taro da hukumomin garin suka yi a 2013, wata jagorar majalisar ta faɗi ƙarara cewa manufar ita ce a takura musu har su ga gara su yi gaba. Wannan magana ta shiga takardun shari'a.

Marasa matsuguni sun kai ƙara a 2018, suna dogaro da hukuncin da aka yanke a shekarar kan birnin Boise na jihar Idaho. A wannan hukunci, kotun ɗaukaka ƙara mai kula da jihohi tara na yammacin ƙasar ta ce ba a hukunta mutum don ya kwana a waje muddin birnin ba shi da gadon da zai ba shi. Ta jingina maganarta da gyara na takwas na tsarin mulki, wanda ya hana azabar da ta wuce kima. Shekara shida wannan ƙa'ida tana ɗaure hannun biranen yamma. Grants Pass ta sha kaye a ƙananan kotuna, ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, kuma ranar 28 ga Yunin 2024 alƙalai shida suka ba ta gaskiya, uku suka saɓa.

Wace hujja kowane ɓangare ya kafa?

Gardamar ta koma ne kan tsofaffin shari'u biyu. A 1962 Kotun Ƙoli ta soke wata dokar Kalifoniya da ke ɗaure mutum don kawai ya kamu da jarabar ƙwaya, ta ce ana hukunta aiki ne, ba halin da mutum ya tsinci kansa ba. A 1968 kuma ta amince a hukunta wani mashayi a Texas da aka samu a buge a titi, domin fitowa a buge aiki ne. To, barci a waje ga wanda ba shi da ciki, aiki ne ko hali?

Mai shari'a Neil Gorsuch, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce aiki ne. Dokar, in ji shi, ba ta ware kowa ba: ta hau kan mara gida, ta hau kan matafiyi mai jaka a baya, ta hau kan ɗalibin da ya baro ɗakinsa ya kafa tanti a gaban ofishin magajin gari don zanga-zanga. Ya ƙara da cewa matsalar na da sarƙaƙiya, kuma warware ta aikin jama'a ne da zaɓaɓɓunsu, ba na alƙalan tarayya ba.

Mai shari'a Sonia Sotomayor, da Elena Kagan da Ketanji Brown Jackson, sun ce barci larurar jiki ce, ba laifi ba, kuma zaɓin da aka bar wa mara gida shi ne ko ya hana idonsa barci ko a kama shi. A ganina maganar Gorsuch ta biyu tana da nauyi, don alƙali ba ya gina gida. Ta farkon ce ba ta shiga kai. Matafiyi da ɗalibi in aka kore su suna da inda za su koma, kuma kowa a garin ya san ba dominsu aka rubuta dokar ba.

A lura, hukuncin bai tilasta wa kowane birni kama mutane ba. Ya dai cire shingen da ke hana shi.

In an ci mutum tara alhali ba shi da ko sisi, me ke biyo baya?

Nan ne ainihin ɓarnar take, kuma a hankali take tafiya. Ɗan sanda ya tashe shi da asuba, ya miƙa masa takarda mai ɗauke da ranar zuwa kotu. Ba shi da jakar da ruwa ba ya shiga, wayarsa ba caji, ba shi da adireshin da kotu za ta aika masa tunatarwa. Ko ya tuna ranar, zuwa kotu na nufin ya bar tantinsa da duk abin da ya mallaka ba mai gadi. Bai je ba, sai alƙali ya ba da takardar kama shi. Wata uku bayan haka wani ɗan sandan ya tambayi sunansa, kwamfuta ta nuna ana nemansa, ya kwana biyu ko mako a tsare. Ya fito ya tarar an kwashe kayansa, in yana ɗan aikin wanke-wanke a gidan abinci an ba wani, layin da yake bi na samun gida kuma ma'aikaciyar ta neme shi ba ta gan shi ba.

Sannan a Amurka masu gidajen haya da masu ɗaukar aiki kan binciki tarihin mutum kafin su amince da shi. Tarihin kamu da bashin kotu na iya sa a ajiye takardarsa gefe. Dokar da aka ce za ta raba shi da titi ita ce ke ƙara ɗaure shi a kai.

Kuma aikin ba ƙarami ba ne ga 'yan sanda. Jaridar Oregonian ta bi alƙaluman Portland na 2017, ta gano cewa kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka kama marasa matsuguni ne, alhali ba su kai kashi 3 na mutanen birnin ba.

Kayansu fa? Hukuma na da ikon zubarwa?

Ba haka kawai ba. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta hana Los Angeles kwashewa da lalata kayan mutanen unguwar Skid Row da suka bari na ɗan lokaci don su je cin abinci, wanka ko kotu. Ta ce bargon talaka dukiya ce da tsarin mulki ya kare kamar motar mai kuɗi. Hukuncin Grants Pass bai taɓa wannan ba. Ƙa'ida ita ce a ba da sanarwa, a adana kayan, a faɗi inda za a karɓa. A aikace kuwa, motar shara na isowa da sassafe, a ba mutum 'yan mintuna ya ɗauki abin da hannunsa zai iya, saura a watsa cikin mota. Abin da aka fi kuka da rasawa shi ne katin shaida, takardar haihuwa da magani. Ba katin shaida ba neman aiki, ba neman gida, kuma sabunta shi na buƙatar takardar haihuwar da ita ma ta bi shara.

Me ya sa ba za su tafi masaukan da aka tanada ba?

Da farko gadajen ba su isa ba, musamman a jihohin yamma. Na biyu, gado na zuwa da sharaɗi. A Grants Pass babban masaukin da ake da shi na wata ƙungiyar mishan ce, mai gado 138, inda ake buƙatar mai kwana ya halarci ibadar Kirista kullum, ya yi aiki, ya bar taba. Ƙananan kotuna sun ƙi lissafa waɗannan gadaje saboda sharaɗin addinin. A wasu wuraren ana raba miji da mata, ba a shiga da kare, kaya ba su wuce jaka ɗaya ko biyu ba, a rufe ƙofa da yamma a sallami kowa da safe, wanda hakan ya fitar da mai aikin dare. Akwai kuma waɗanda ko da wane sharaɗi ba za su shiga ba, saboda ƙwaya ko rashin lafiyar ƙwaƙwalwa. Suna nan, ba a musu, amma ba su ne duka ba.

New York ta bambanta. Tun yarjejeniyar kotu ta 1981 birnin ke da wajibcin ba da gado, shi ya sa duk da yawan marasa gidanta, mafi yawansu a ƙarƙashin rufi suke kwana.

To masu shaguna da maƙwabta da ke ƙorafi, ba su da gaskiya ne?

Suna da ita. Mai shagon da kullum sai ya wanke ƙofarsa kafin ya buɗe, uwar da ke ratsa allurai a hanyar kai yaro makaranta, gobarar da ke tashi daga tanti ta kama gini, duk ba ƙage ba ne. A 2022 wasu naƙasassu a Portland suka kai birnin ƙara cewa tantuna sun toshe hanya har mai keken guragu da makaho sai sun sauka kan kwalta cikin motoci, kuma a 2023 birnin ya amince ya riƙa buɗe hanyoyin. Su kansu mazauna sansanonin, musamman mata, su ne suka fi shan wahalar sata da duka da fyaɗe a ciki.

Masu goyon bayan dokokin na cewa ba ɗauri suke so ba, matsin lamba ne da zai sa mutum ya karɓi taimako. Inda akwai taimakon a ƙasa, gado ko ɗaki ko gurbin asibiti, maganar na iya yin aiki. Inda babu, tanti kan tashi daga wannan layi ya sauka a na bayansa, ko ya nutsa cikin daji da bakin rafi inda ma'aikatan lafiya ba sa kaiwa. An bar jaki ana dukan taiki, don kuɗin haya na nan inda yake.

Bara da rabon abinci ma an hana?

Birane da yawa sun gwada hana bara, amma tun wani hukuncin Kotun Ƙoli na 2015 kan 'yancin faɗin albarkacin baki, kotuna ke ta soke irin waɗannan dokoki, bisa cewa roƙo ma magana ce. Rabon abinci kuwa ana takura shi ta hanyar neman izini da ƙa'idojin tsafta. A 2014 'yan sandan Fort Lauderdale a Florida sun tuhumi Arnold Abbott, dattijo ɗan shekara 90, saboda ya raba abinci a fili, labarin da ya zagaya duniya.

Sabon abu ne wannan?

Tsohon abu ne da sabuwar riga. Ingila ta kafa dokar masu gararamba a 1824, bayan yaƙe-yaƙen Napoleon sun bar tsofaffin sojoji barkatai a tituna, kuma sai a 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar da lokacin da za ta kawar da ita baki ɗaya. Bayan yaƙin basasar Amurka, jihohin kudu irin su Mississippi sun yi amfani da dokar zaman banza a 1865 wajen kama 'yantattun bayi a mayar da su aikin gona. Kalifoniya ta taɓa haramta shigo da matalauci cikin jihar, har Kotun Ƙoli ta soke a 1941. A 1972 kotun ta rushe dokar gararamba ta Jacksonville saboda ta yi faɗin da ɗan sanda zai kama duk wanda bai yi masa ba. Daga nan ne birane suka koyi rubuta doka mai ƙayyadadden aiki da wuri da sa'a, irin ta Seattle.

Reshen wannan dokar ta Ingila ya iso mu ta hannun Turawan mulkin mallaka, kuma har yau dokokin laifuka na ƙasashen Afirka da dama, har da na Arewacin Najeriya, na ɗauke da sassan masu zaman banza da gararamba. A Disambar 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ba da ra'ayin cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar, domin talauci suke hukuntawa.

Me ya canza bayan hukuncin 2024?

Cikin wata guda Newsom, wanda a lokacin shi ne gwamnan Kalifoniya, ya umarci hukumomin jiha su tashi sansanoni, ya kuma matsa wa birane su yi haka. Birane sama da 100 a faɗin ƙasar sun kafa sabbin dokoki ko sun tsaurara tsofaffi, na 'yan Democrat da na 'yan Republican duka. Wasu jihohin dama sun riga sun yi gaba: Texas ta hana kwana a filin hukuma a 2021 da tarar da ta kai dala 500, Tennessee kuma a 2022 ta mayar da shi babban laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara shida. Dokar Florida da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta ba mazauna da 'yan kasuwa damar kai ƙarar ƙaramar hukumar da ta ƙyale mutane suna kwana a fili. A Louisville ta jihar Kentucky, kyamarar jikin wani ɗan sanda ta nuna shi a 2024 yana rubuta wa wata mata takardar laifin kwana a waje tana cikin naƙuda, tana jiran motar asibiti. A Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin fifita biranen da ke aiwatar da irin waɗannan dokoki wajen rabon tallafin tarayya.

Abin dariyar shi ne ita Grants Pass ba ta samu sakewar da ta nema ba, domin Oregon na da dokar jiha ta 2021 da ta ce duk ƙa'idar zama da kwana a fili dole ta kasance mai ma'ana ga wanda ba shi da gida, kuma an sake maka garin a kotun jiha a 2025.

Akwai inda aka gwada wata hanya ta yi aiki?

Akwai tsarin fara ba da gida, wanda Sam Tsemberis ya soma a New York a 1992: a ba mutum ɗaki da makulli tukuna, ba tare da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ba, sannan a bi shi da magani da ma'aikacin jin daɗin jama'a. Finland ta rungume shi a 2008, masu daɗewa a titi suka ragu ƙwarai. A Denver an gwada shi kan mutanen da suka fi yawan shiga hannun 'yan sanda, aka kwatanta su da waɗanda ba a ba gida ba, kamu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100.

Misalin da aka fi kafawa a Amurka shi ne Houston, birnin da ba wanda zai kira shi mai taushin hali. A 2011 an ƙidaya marasa matsuguni kusan 8,500 a yankin, bayan shekara goma suka dawo ƙasa da rabin haka. Hukumomi da ƙungiyoyi da dama ne suka haɗa rajista guda, suka nemi masu gidajen haya da za su karɓi mutanen, kuma in za a tashi sansani sai an fara samar wa mazaunansa ɗakuna kafin a kewaye wurin da waya. Ita ma Houston tana da dokar hana zama a gefen titi a wasu unguwanni, kuma tana aiki da ita. Sannan haya a can ta fi ta San Francisco sauƙi nesa ba kusa ba, don haka birnin da ɗakunansa ba su isa ba sai ya fara gini kafin ya kwaikwaye ta. Masu sukar tsarin na cewa ba ya warkar da jarabar ƙwaya, kuma bincike bai nuna yana warkarwa ba. Abin da ya nuna shi ne mafi yawan waɗanda aka ba ɗakin suna nan a ciki bayan shekara ɗaya da biyu.